Allurar kashe zafi a tiyatar haihuwa ga mace mai wata cuta: yadda ake yinta da hukuncinta

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Daga cikin tambayoyin da suke yawan zuwa mana akwai ta tiyatar haihuwa, wato a tsaga cikin mace a ciro jariri idan haihuwa ta gagara ko ta zama haɗari. Mafi yawan masu tambaya hankalinsu yana kan wuƙar likita. Kaɗan ne suke tambayar abin da ake yi wa mace kafin wuƙar ta taɓa ta, wato kashe mata jin zafi ko sa ta barci. Alhali ga matar da take ɗauke da wata cuta, kamar hawan jini ko ciwon zuciya ko sikila, wannan matakin yana iya fin tsaga cikin haɗari. Mun tattara wannan bayani ne don ɗalibai da magidanta su san yadda abin yake, su san hukuncinsa, su kuma san abin da ya rataya a wuyansu. Shawarar abin da za a yi wa kowace mace a karan kanta tana hannun likitan da ya duba ta.

Asalin wannan ilimi

Likitocin Musulmi na da sun san magungunan da suke gusar da jin zafi. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya ambaci irinsu a littafinsa Alƙanun, kamar afyun da tsiron banju, kuma har yau da sunan wannan tsiro Larabawa suke kiran allurar barci. Amma hanyar da ake bi a yanzu ta fara ne ranar 16 ga Oktoba 1846 a birnin Boston na Amurka, inda William Morton ya shaƙa wa mara lafiya sinadarin eta aka yi masa aiki a gaban likitoci bai ji zafin wuƙa ba. A 1847 James Simpson na Edinbura ya shigar da hanyar cikin karɓar haihuwa. A 1898 kuma August Bier na Jamus ya yi allura a gadon baya ta kashe rabin jiki na ƙasa, mara lafiya yana farke. Daga nan abin ya bunƙasa har ya zama fanni mai zaman kansa, da likitocinsa da malaman jinyarsa. Mai wannan aiki daban yake da mai tiyata. Shi ne yake zaune wajen kan mace yana lura da numfashinta da bugun zuciyarta da awon jininta tun daga farko har ƙarshe.

Hanyoyi uku da ake bi

Ta farko ita ce allurar baya. Mace za ta zauna ko ta kwanta a gefe ta lanƙwasa baya, a soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, a zuba ɗan magani cikin ruwan da yake kewaye da jijiyoyi. Ana soka ta ne ƙasa da inda laka ta ƙare. Cikin 'yan mintoci jiki zai mutu daga ƙirji zuwa ƙafa, ya ɗauki kamar awa biyu zuwa uku kafin ya dawo. Matar tana farke, tana numfashi da kanta, tana jin kukan jaririnta na farko. Babbar illar wannan hanya ita ce faɗuwar awon jini farat ɗaya, shi ya sa ake sa ƙarin ruwa, a karkata mace zuwa hagu, a ajiye allurar ɗaga jini a kusa. Wasu kan yi ciwon kai na 'yan kwanaki, mai tsananta idan sun tashi zaune, kuma yana da magani.

Ta biyu ana kiranta efidural. Ita ma a baya ake yinta, sai dai ana barin ɗan siririn bututu a wajen tantanin da ya lulluɓe jijiyoyin, a riƙa zuba magani kaɗan-kaɗan. Tana ɗaukar lokaci kafin ta kama, amma awon jini ba ya faɗuwa da gaggawa, kuma ana iya ƙara magani idan aiki ya yi tsawo.

Ta uku ita ce allurar barci. Ana zuba magani a jijiya, hankali ya gushe gaba ɗaya, a sa bututu a maƙogwaro na'ura ta riƙa hura numfashi. Ana komawa gare ta idan babu lokacin jira, ko jini yana zuba sosai, ko akwai dalilin da ya hana taɓa baya.

A yau likitoci sun fi zaɓar allurar baya a tiyatar haihuwa matuƙar babu abin da ya hana. Dalilin yana cikin sauyin da ciki yake kawowa a jikin mace.

Abin da ciki yake sauyawa

A watannin ƙarshe jinin mace yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, zuciya tana aiki fiye da da. Mahaifa ta tura huhu sama, iskar da ke ajiye a cikinsa ta ragu, alhali buƙatar iska ta ƙaru. Saboda haka mai ciki idan numfashinta ya tsaya ba ta jure abin da waninta yake jurewa. Maƙogwaro yana kumbura, sa bututun numfashi ya ƙara wuya. Bakin tumbi yana saki, abinci yana iya dawowa ya faɗa huhu idan tana barcin allura. Wani likita a birnin Niyok, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan haɗari a 1946, kuma shi ne asalin hana cin abinci awa 6 zuwa 8 kafin tiyatar da aka tsara. Sannan idan ta kwanta rigingine nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da take mayar da jini zuwa zuciya.

Wannan duka ga mai lafiya ke nan. Idan wata cuta ta hau kai, sai kowace hanya ta zo da nata haɗarin, likita ya auna wanne ya fi sauƙi.

Hawan jinin ciki da jijjiga

Wannan tana cikin cututtukan da suke yawan kai matanmu ɗakin tiyata cikin gaggawa. Tana bayyana bayan mako 20 na ciki, awon jini ya kai 140 bisa 90 ko fiye, sinadarin furotin ya fito a fitsari. Idan ya kai 160 bisa 110 an shiga mataki mai tsanani. Alamominta ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ƙarshenta jijjiga, wadda wasu suke ɗauka taɓin aljanu ne su tsaya yin hayaƙi a gida har lokaci ya ƙure.

Maganin da yake kare jijjiga shi ne allurar maganeziyam. Wani babban bincike da aka fitar a 2002, a kan mata fiye da dubu goma a ƙasashe 33, ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Ga irin wannan mace allurar baya ta fi dacewa, domin sa bututu a maƙogwaro yana sa jini ya ƙara hawa nan take, har jijiya ta iya fashewa a ƙwaƙwalwa, ga kuma kumburin maƙogwaro da cutar take ƙarawa. Sai dai akwai sharaɗi. Cutar tana cinye ƙwayoyin da suke daskarar da jini. Mai lafiya yana da su daga 150,000 zuwa sama a ma'aunin gwaji. Likitoci sukan yarda da allurar baya idan sun kai wajen 70,000, su guje mata idan sun sauka ƙasa da 50,000, don kada jini ya taru a gadon baya ya danne jijiyoyi. Wannan shi ne amfanin gwajin jinin da ake nema kafin aiki, wanda wasu magidanta suke ganin cin kuɗi ne kawai.

Ciwon zuciya

Iri biyu ne suka fi shafar mu. Na farko ƙuncin ƙofar zuciya, wanda yakan samo asali daga ciwon maƙogwaro da aka yi sakaci da shi tun ƙuruciya. Yarinya za ta girma ba ta san da shi ba, sai ciki ya ƙara jini zuciya ta kasa ɗauka. Na biyu raunin tsokar zuciya a ƙarshen ciki ko a watannin jego, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Likitocin da suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi, masu bincike na baya kuma suka ƙara da hawan jinin ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki. Matar da ta taɓa yin wannan ciwo tana cikin haɗari a cikin da zai biyo baya.

Zuciya mai rauni ba ta son sauyi na gaggawa. Faɗuwar awon jini farat ɗaya yana cutar da ita, saurin bugu yana cutar da ita, yawan ƙarin ruwa kuma yana cika huhu. Saboda haka likitoci sukan zaɓi efidural a zuba magani a hankali, ko allurar barci da aka tsara da kyau. Hatta allurar da take matse mahaifa bayan fitar jariri a hankali ake ba da ita. Kuma haɗari bai ƙare da ɗinki ba, domin jinin da yake cikin mahaifa yana komawa jiki bayan haihuwa ya ƙara wa zuciya nauyi. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko suna buƙatar sa ido sosai. Mace mai yawan haki, wadda ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matasai, a kai ta a duba zuciyarta tun kafin naƙuda.

Sikila

Amosanin jini, wanda a Nijar ake kira emasi, ya yawaita a Afirka ta Yamma. Abubuwan da suke tayar da shi sanannu ne: ƙarancin iska, sanyi, bushewar ruwan jiki, da shigar ƙwayoyin cuta. Dukkansu suna iya haɗuwa a ranar tiyata. Shi ya sa ake ba mai sikila iskar oksijin, a ɗumama ta, a sa mata ruwa tun tana jiran aiki don kada ƙishin azumin tiyata ya tayar da ciwon, a kuma tanadi jinin da ya dace da nata. Wadda aka sha yi wa ƙarin jini a baya samun wanda ya dace da ita yana ɗaukar lokaci, don haka ba aikin rana ɗaya ba ne. Allurar baya ta fi mata, saboda tana barin huhu yana aikinsa, tana kuma rage zafin bayan aiki. Abin da ake tsoro bayan tiyata shi ne ciwon ƙirji mai zuwa da zazzaɓi da haki. Idan ya bayyana a sanar da ma'aikata nan take.

Sauran cututtuka

Mai ciwon suga ana so a fara da ita da safe don kada ta daɗe da yunwa, ana auna sukarinta kafin aiki da lokacinsa da bayansa, jaririnta ma ana lura da shi domin sukarinsa yana iya faɗuwa a awannin farko. Mai ƙiba sosai sa mata bututun numfashi yana da wuya, gano gurbin allura a bayanta ma yana da wuya, sai an shirya tun da wuri. Mai asma akwai maganin tsayar da jini da ba a ba ta, kamar yadda akwai wanda ba a ba mai hawan jini. Wadda ake yi wa allurar tsinka jini ta hefarin ana jiran awa 12 bayan ƙaramin awo, awa 24 bayan babba, kafin a taɓa bayanta.

Sai wadda mabiyiya ta tare mata bakin mahaifa ko ta manne a jikinta, abin da ya fi samun wadda aka yi wa tiyata a baya. A nan abin tsoro zubar jini ne. Ana tanadin ledojin jini kafin a fara, kuma ana iya farawa da allurar baya a koma ta barci idan hali ya sauya.

Halin da ake ciki a ƙasashenmu

Wani bincike da aka fitar a 2019 a kan mata fiye da 3,700 a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22 ya nuna cewa a cikin kowace tiyatar haihuwa dubu, mata biyar da ɗoriya suna rasuwa, wato kusan ninki hamsin na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Zubar jini da matsalar allurar kashe zafi suna cikin manyan dalilai. Ƙwararrun likitocin wannan fanni kaɗan ne, mafi yawansu suna manyan birane, a sauran wurare malaman jinya da aka horar ne suke riƙe da aikin. A Nijar gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, a Gana kuma an shigar da kula da masu ciki kyauta cikin inshorar lafiya a 2008. Abin da wannan yake nuna mana shi ne, mace mai ɗaya daga cututtukan da muka lissafa a tsara mata haihuwa a babban asibitin da yake da ma'ajiyar jini da ɗakin kulawa ta musamman, kamar asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai ko manyan asibitocin jihohi, kuma ta matso kusa da shi tun watan haihuwa bai kama ba.

Hukuncin shari'a

Asali gusar da hankali haramun ne, domin hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kare su. Amma malamai sun bambance. Imam Alƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya rarrabe a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abin da yake sa maye da abin da yake sa barci ya gusar da ji. Ibnu Farhun na mazhabarmu ta Malikiyya ya rinjayar da halaccin shayar da mai sa barci don yanke gaɓa mai cuta, saboda cutarwar maganin abar amincewa ce, ta barin gaɓar kuwa ba a amince mata ba. Imam Annawawi na Shafi'iyya shi ma ya halatta. A kan wannan malaman zamani suka gina halaccin allurar kashe zafi da ta barci idan akwai buƙata, gwargwadon buƙatar, a hannun wanda ya san aikin.

Game da al'aura, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na 1993 ta jera cewa a fara neman likita mace Musulma, sai mace wadda ba Musulma ba, sai namiji Musulmi, sai wanda ba Musulmi ba, kuma a buɗe iya inda aiki ya buƙata. Idan babu mace ƙwararriya, ko jiran ta zai jawo halaka, namiji ya yi aikin babu laifi a kan kowa.

Game da izini, mace baliga mai hankali ita take da haƙƙi a kan jikinta. A zamanta na Sharja a 2009 majalisar ta yanke cewa idan tiyatar haihuwa ta zama dole don ceton uwa ko jariri, sai ma'auratan ko ɗayansu ya ƙi, ba a la'akari da ƙin, ikon ba da izini yana komawa ga hukuma ko wakilinta. To ina hujjar magidancin da zai bar matarsa tana jijjiga ya ce sai ya yi shawara da dangi, ko ya yi tafiya bai bar wa kowa izinin sa hannu ba? Neman magani yana cikin riƙo da sababi, kuma riƙo da sababi ba ya kore tawakkali. Ƙarin jini halal ne a lokacin larura, wanda ya ba da jininsa don ceton rai muna yi masa fatan lada mai girma.

Game da ibada, gushewar hankali yana warware alwala a wurin dukkan mazhabobi. Jinin da yake fita ta gaba bayan tiyata jinin biƙi ne, tana barin salla da azumi har ya ɗauke, ta yi wanka. Mafi tsawonsa kwana 60 a wurin Malikiyya da Shafi'iyya, kwana 40 a wurin Hanafiyya da Hanbaliyya. Azumin da ta sha za ta rama, salla kuwa babu ramuwa.

Abin da ya rataya a kan iyali

Mai allurar kashe zafi da abu biyu yake aiki, labarin gaskiya da isasshen lokaci, kuma duka biyun a hannun iyali suke. A fara awon ciki da wuri. A faɗa wa likita kowace cuta ba tare da kunya ba, har da farfaɗiya da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, domin ɓoyewa yana sa a zaɓi hanyar da ba ta dace ba. A kai masa duk maganin da ake sha, na asibiti da na gargajiya, jiƙe-jiƙe da tsimi da abin da ake sha don saurin naƙuda. A faɗa masa idan an taɓa samun matsala da allurar barci, ga matar ko ga wani a danginta. Idan ta ci abinci a faɗi gaskiyar lokacin da ta ci, ko da an hana ta. A adana katin awo da takardun tiyatar baya. A nemi 'yan uwa biyu ko uku da za su ba da jini tun ciki yana wata bakwai.

Akwai maganar da take yawo cewa allurar baya tana gurgunta mace ko ta bar ta da ciwon baya har abada. Lahani mai ɗorewa daga wannan allura abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, ciwon bayan da mata suke ji bayan haihuwa kuma yana samun wadda aka yi wa allurar da wadda ba a yi wa ba. Kada wannan magana ta sa mace ta nace a kan allurar barci alhali likita ya ga ta baya ta fi mata aminci.

Muna kira ga limamai da malaman makarantun Islamiyya, maza da mata, su isar da wannan bayani a majalisunsu, musamman ga magidanta da surukai, tunda su ne suke yanke shawara a daren naƙuda. Muna kuma kira ga iyaye su ƙarfafa 'ya'yansu mata su karanci wannan fanni, domin samar da masu yinsa farilla ce da idan wasu suka ɗauke ta faɗi a kan saura.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa ma'aikatan jinya da alheri, ya jiƙan matan da suka rasu a wajen haihuwa. Allah ne mafi sani.